Ba A Yin Tiyata Ranar Lahadi

"Baba Tela, ina wanda ya rako ka?" Sista ta sake tambaya, biro a hannunta.

Ina goge ƙasan benci na ji shi ya ce, "Yana hanya."

Tun da aka fara yin tiyata Asabar da Lahadi, wai a rage layi, likitoci kuma su riƙa hutawa tsakiyar mako, nake zuwa aiki babu kowa a baranda sai ni da bokitina. Yau mutum biyar za a cire wa yanar ido. Huɗu sun zo da 'ya'yansu. Shi tsohon, sanda ce kawai a gefensa. Wata goma sha ɗaya yana jiran wannan rana, tun jiya ko ruwa bai sha ba.

"Ka san doka," in ji Sista. "Ba mai sa hannu ya kai ka gida, ba aiki. Ko ni kake so in goya ka?"

Ya yi dariya, ya miƙo mini waya. "'Yar nan, nemo mini Babban Yaya."

Na danna sunan, na sa muryar a fili. Ashe babban ɗansa ne.

"Baba, don Allah! Wa ke yin tiyata ranar Lahadi? Ka rikita kwanakin ne, kamar kullum. Ka koma gida."

Ƙit, ya kashe wayar. Sista ta kira da tata har sau uku, bai ɗauka ba.

* * *

Sha ɗaya saura, likita ya leƙo, idanunsa jawur. "Saura wa?"

Maganar ta zo mini har maƙogwaro, in ce: ni 'yarsa ce, kawo takardar. Ƙarfe biyu nake tashi daga aiki, zan iya kai shi gida. Amma Sista ta san ni, kuma ban taɓa ɗaga murya a gabanta ba. Na sunkuya ina matse tsumman da ya riga ya bushe.

Sista ta ja layi a kan sunansa.

* * *

A bakin ƙofa Baba Tela ya lalubo hannuna, ya danƙa mini katin da aka ba shi.

"Karanta mini. Yaushe suka ce?"

"Nan da wata huɗu, Baba."

"Wace rana ke nan?"

Na ƙirga da yatsu. "Lahadi."

Ya gyaɗa kai, ya ninke katin gida huɗu, tsaf kamar ƙyallen ɗinki. Ya bi bango ya tafi, tafin hannunsa na shafa fenti.