Forfen da Sambo Ya Adana

Saniya ɗaya ce a turken Sambo, ita ma ba tasa ba. Ciwon huhu ya share masa garke a shekarun baya, ya bar masa igiyoyi da sanda. Amininsa Mustafa ne ya kama wata jar karsana mai farin goshi ya ɗaure masa, habbanaye irin na Fulani: ta zauna hannunsa, abin da ta haifa nasa ne, in ta gama a mayar da uwar ga mai ita. Goshi ake ce mata. In ta mutu a hannun wanda aka ba, ba a biya, ba a ko tayar da zancen. Wannan shirun shi ne abin da Sambo ya fi tsoro. Ya gwammace a kai shi gaban alƙali da Mustafa ya dube shi ya ce ba kome.

Da Goshi ta ɗauki ciki, ranar allurar dabbobi, likitar da ke zuwa daga Dogon Dutsi ta daɗe tana shafa ƙugunta. Zalihatu sunanta, Ba'ara ce, 'yar ƙabilar manoman yankin, ba ta da tsawo amma muryarta ta fi ta namiji kaiwa nesa.

"Baffa, ƙugun nan matsattse ne. Haihuwar fari za ta yi wuya. In ka ga abu ya cije, ka kira ni ta bidiyo in gani da idona. Tun da anka kafa sabuwar eriyar salula bakin hanya, reso, wato sabis na waya, na kaiwa har rugarku."

Maganar ta zauna wa Sambo. Ya sayar da ɗan bunsuru, ya sayi salula ta hannu mai gilashi, ya nufi rumfar Bilyaminu a kasuwar Kore Mairuwa, inda ake cajin waya ana sayar da kiredi da forfe, wato kason intanet da ake zuba wa mutum a salularsa.

Bilyaminu ma Ba'are ne, kuma kowa ya san tsakanin Ba'are da Bafillace sai wasa. Tun suna samari ba su taɓa gaya wa juna magana madaidaiciya ba. Bilyaminu ya taɓa rantse wa Sambo cewa an hana shanu shiga kasuwa sai da takalmi. Sambo ya taɓa sayar masa da ƙwaryar nono rabinta ruwan rijiya, ya tsaya yana kallo yana sha.

"A'a! Yau daji ya shigo gari," in ji Bilyaminu. "Mi za a ba ka, na yini ko na sati?"

"Babban cikinsu."

"Babban na wata ne, jika biyar, sefa dubu biyar ke nan. Kai da ko shayi sai an saya maka?"

"Jika biyar a kan iska? Tiya nawa ta hatsi ke nan?"

"Iskar da mutane ke layi a kanta. Dubi can." Ya nuna masa samari cike da benci, kowa ya duƙa kan salularsa, wani na kallon kokowa, wani na magana da wansa da ke ci-rani yana ganin fuskarsa. "Ranar kasuwa har hannuna ke gajiya. Masu albasa farashi suke tambaya, 'yan makarantar lakwal karatu suke nema. Kai mi za ka yi da shi, ka nuna wa akuya?"

Sambo ya kwance lalitarsa ya biya. Da aka zuba masa, ya kashe salular ya naɗe ta cikin tsumma.

"Kai taubashi, tsaya," in ji Bilyaminu, ya daina dariya. "Abin nan wata guda gare shi. Ka taɓa ko ba ka taɓa ba, in wata ya cika ya tafi."

"Ya tafi ina? Ƙafa gare shi?"

"Wallahi da gaske nike."

"Haka ka ce ranar takalmin shanu."

Ya tafi yana jin daɗin yau bai faɗa tarko ba. A ganinsa abin da mutum ya saya ya adana, yana nan. Hatsi na shekara a rumbu, man shanu na watanni a kwalba. Ya cusa salular ƙasan jakar fata, ba ya fito da ita sai in za a kai ta caji.

Matarsa Hure ta riga shi mallakar salula, da kuɗin nonon da take sarowa a rugagen maƙwabta ta saya. Ita ƙaramin forfe take sa wa, na yini, ranar da za ta shiga gari kawai. Matan ma'aikata na Dogon Dutsi su aiko mata da murya, wannan na son kindirmo, waccan man shanu, ta san abin da za ta ɗauka kafin ta aza ƙwarya a ka. Ba ta iya karatu ba, amma ta san kowace cikinsu da hotonta. Tana kunnawa ta saurara ta amsa ta kashe, kamar mai tsiyaya mai a miya. Sambo kullum sai ya yi mata gori.

"Ke kullum saye, kullum ƙarewa. Ni sau ɗaya na saya, ga shi can kwance."

"To Malam," take cewa, ta ci gaba da burga nononta.

Naƙuda ta kama Goshi da hantsi, tsakiyar damina, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Sambo ya karɓi haihuwar shanu fiye da yadda zai iya tunawa, don haka da fari bai damu ba. Ƙafafu biyu suka leƙo, kofato fari tas. Ya jira kai, kai bai biyo ba. Goshi ta yi nishi ta kwanta, ta tashi, ta sake kwantawa. Ya wanke hannu ya gwada shiga, bai wuce wuyan hannu ba. Hannun Sambo faranti ne, ƙugun kuwa yadda likita ta faɗa. Rana ta yi sama, idon karsanar ya fara juyewa.

Ya shiga bukka ya fito da tsumman, ya kwance shi a gaban Hure kamar mai fito da kuɗin biki.

"Kira ta. Yau za ki ga amfanin ajiya."

Hure ta kunna, ta danna hoton likita. Abin ya yi ta juyi bai tafi ba. Ta sake. Ta danna lambobin da ake duba saura, ta kara a kunne, ta saurari matar kamfani ta gama bayaninta.

"Malam, babu kome ciki."

"Kamar yaya babu? Ban taɓa ba!"

"Sun ce ya ƙare tun tuni. Kwanansa ya cika."

Sambo ya tsaya riƙe da tsumma. Maganar Bilyaminu ta dawo masa, har da yadda ya daina dariya kafin ya faɗe ta. Sau ɗaya a rayuwa Ba'are ya gaya masa gaskiya, shi kuma ya bar ta a kasuwa.

Hure ba ta tsaya kallonsa ba. Ta zaro tata daga ƙugu. Da asuba ta sa na yini daga sauran kiredinta don ta yi niyyar shiga gari, ruwa ya hana. Ta danna, sai ga fuskar Zalihatu ta cika gilashin, tana tauna wani abu.

"Hure, lafiya? Goshi ce?"

"Ita ce, Madam. Forfena ƙarami ne, ba zai daɗe ba."

"To bar gaisuwa. Ƙorama ta cika, babur ba ya ƙetarewa, ba ni iya zuwa. Nuna min bayanta."

Ta duba, ta sa aka matso, ta sa aka ɗaga wutsiya. Ta tambayi Sambo abin da ya taɓo da yatsunsa, ya gaya mata: ƙafafun gaba ne, amma inda ya kamata ya ji hanci, wuya ya ji.

"Kan ya lanƙwashe baya. Kada wanda ya ja da igiya, za ku yaga ta. Baffa, ɗaga hannunka in gani." Ya ɗaga. "Wanga ai sai raƙuma. Hure, naki."

Hure ta nuna nata, siriri, duk awarwaro.

"Cire su. Ke za ki shiga."

"Mace ba ta..." Sambo ya fara.

"Ni mi ce, Baffa? Karɓi salula ka riƙe. Aikinka ke nan yau."

Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi ƙwai.

"Hancinka nike gani. Hancin Fulani na sani, juya ta wajen saniya."

Hure ta tuɓe awarwaro ta zuba a ƙwarya, ta shafe hannu da sabulu har kafaɗa, ta durƙusa cikin taɓo. Ba ta taɓa yi ba. Tatsa ta sani, da burga, da tallan nono. Zalihatu ta yi ta ba ta magana ɗaya-ɗaya, ba gaggawa, kamar suna zaune kan tabarma guda. Hure ta jira nishin ya lafa. Ta tura maraƙin baya a hankali don a sami wuri. Ta bi wuyan da tafin hannu har ta kai kunne. Goshi ta yi wani nishi ta matse mata hannu, Hure ta cije leɓe, hawaye ya zubo, ba ta fitar da hannun ba.

"Na ji kunne."

"Madalla. Gangara ki nemi baki. In kin samu, ki rufe haƙoransa da tafinki kada su yanki mahaifa, sannan ki jawo hancin wajenki, ki daidaita shi bisa ƙafafu. In ya daidaita, Baffa ya ja ƙasa-ƙasa, sai tana nishi, in ta tsaya ya..."

Fuskar ta daskare, baki buɗe. Sambo ya girgiza salular, ya buga ta a tafinsa.

"Madam! Madam!"

"Ya ƙare, Malam," in ji Hure, kuncinta manne da cinyar saniya. "Ajiye ta. Na ji abin da ta ce."

Ya ajiye ta kan turmi ya dawo ya durƙusa bayan matarsa. Bai san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Yana dai kallon kafaɗarta tana motsi, tana magana da Goshi ƙasa-ƙasa da Fillanci, irin maganar da take mata in tana shafa ta. Can ta ce, "Kama ƙafafun." Ya kama. Ga ɗan hanci baƙi kwance bisa su, harshe waje. Goshi ta yi nishi ya ja, ta tsaya ya tsaya. A nishi na gaba abin ya sulluɓo gaba ɗaya ya faɗo masa a cinya, jiƙe, da zafi.

Maraƙa ce. Ba ta motsi. Nan kam Sambo ba ya bukatar likita: ya share mata hanci, ya soka mata tsinken ciyawa, ya murza haƙarƙarin da ƙarfi. Ta yi atishawa. Goshi ta juyo da kai, ta yunƙura ta miƙe, ta fara lasa.

Hure ta zauna cikin taɓon, hannunta ya kumbura ya yi ja. Sambo ya ɗauko ƙwaryar awarwaron ya ajiye gabanta, ya ɗebo ruwa ya zuba mata tana wankewa. Bai yi mata gori ba, bai kuma yaba mata da baki ba, ba halinsa ba ne. Amma da yamma shi ya kai wa Goshi dusa, shi ya ɗebo itacen girki.

Ranar kasuwa labari ya riga shi isa rumfar Bilyaminu.

"Ga mai rumbun iska! Taubashi, an ce gara ta cinye maka forfe."

"Laifinka ne. Mutum ya shekara talatin yana ƙarya, ranar da zai faɗi gaskiya ai sai ya yi shela."

"Na rantse maka fa."

"Shi ya sa ban yarda ba. Kuma ku gaya wa kamfaninku, abin da mutum ya biya bai ci ba, a bar masa abinsa."

"In sun zo shan shayi zan gaya musu. Babba za a sa?"

"Irin na Hure."

Bai naɗe salular ba wannan karon. Ya koma ruga da sauri tun rana na sama, ya miƙa wa Hure ta nemo masa Mustafa, wanda ya yi arewa da garkensa tun farkon damina. Aka yi sa'a yana kusa da wani gari mai reso. Fuskarsa ta fito ƙarƙashin malafa, ta yi baƙi da rana.

Sambo bai yi dogon bayani ba. Ya juya salular, daidai wannan karon, ya nuna masa Goshi tsaye a turke, maraƙar na tunkuɗar hantsarta.

Mustafa ya ƙura mata ido. Sannan ya yi irin kiran da yake mata tun tana 'yar maraƙa a garkensa, ya ja sunanta da tsawo. Goshi ta daina tuƙa. Ta ɗaga kai, ta miƙe kunnuwa, ta tako har igiya ta tsayar da ita, ta yi kuka tana neman mai muryar a tafin hannun Sambo.

"Ta yi ƙiba," in ji Mustafa.

"Tana nan lafiya," in ji Sambo. Ya riƙe salular a wurin, bai kashe ba, har forfen ya ƙare da kansa.