Gashin Yesenia

Don Fortunato ya fizge ambulan ɗin daga hannun nas ɗin asibitin ƙauyen tun kafin ta liƙe bakinsa. Gashin 'yarsa Yesenia ne a ciki, yanzun nan aka yanko shi daga ƙeya. Yesenia na zaune a benci da cikin wata bakwai, ta sunkuyar da kai don kunya.

"Wa ya ce ki taɓa mata kai?"

"Ita ta zo da ƙafarta, Don Fortunato," in ji nas Marleni. "Gwajin zaiba za a yi a birni, saboda abin da ke cikinta."

Shekara da shekaru yana wanke zinari a bakin kogin nan. Da zaiba yake kama shi, ya ƙona ta a madafar gidansa, zinarin ya fito. Ya ɗaga silin gashi ɗaya ga hasken taga.

"Zaiba tana ƙyalli. Nuna mini ita a nan."

"Ido ba ya ganinta, amma tana sa hannun babba rawa, tana lahanta ɗan da ke ciki. Ƙwayoyin zarrarta, in aka jera su a faɗin silin nan kaɗai, sun haura dubu ɗari biyu."

"Ke kika ƙirga, ko wanda ya aiko ki?" Ya yi dariya, matan da ke layi ba su taya shi ba. "Bara wasu suka zo auna ruwa. Bayan su sai ga sojoji sun ƙone mana injuna. Kuma ni uwata ko gashin da ya maƙale a mataji ba ta bar wa baƙo."

"Kwale-kwalenmu zai tashi da yamma," in ji Marleni. "Na gaba ta shigo."

A gida ya zauna bakin murhu, inda Yesenia ke soya kifi da rogo, kusa da kaskon da yake ƙona zaiba. Ƙone gashin zai yi, yadda uwarsa ke yi, kowa ya huta. Ya zaro ashana. Ta farko ta faɗi ƙasa. Ta biyu ta karye. Akwatin ashanar na ta kaɗawa a hannunsa kamar caki.

"Kawo in ƙyasta maka, Baba," in ji Yesenia, ko juyowa ba ta yi ba. "Ai tun bara ni nake kunna maka sigari."

Ya dubi hannunsa. Fes yake, ba abin da ke ƙyalli a kai. Ya dubi kaskon, ya dubi cikin yarinyar da ke dab da murhu.

"Fita da kifin nan waje," ya ce.

Da yamma ya je bakin kogi, ya tarar ana loda kaya a kwale-kwale. Ya tura wa Marleni ambulan ɗin, ya cire hula, ya zauna a kan jarkar fetur ya ba ta ƙeya.

"Yanki gashina ni ma. In na ga soja a ƙofata, na san fuskarki."

"Ka daina motsi, tsoho, kar in haɗa da kunne."

Da ta gama sai ya durƙusa, yatsunsa na rawa, ya tsince 'yan silin da suka zube a yashi. Ya cusa su a aljihu, ya tsaya har kwale-kwalen ya sha kwana.