Saniyar da ke Jikin Kwalba

Da saniya ɗaya Baba ya fara sana'ar madara. Ita ma ya same ta ne don ba mai so: ta faɗo daga motar shanu, ƙahon hagu ya karye, masu saye suka riƙa wuce ta. Ashe ita ce mai albarkar. Nononta ya fi ƙarfin gidan. Inna takan tafasa a babbar tukunya, ta tace da farin ƙyalle, ta ɗura a kwalabe, Baba ya ɗaure a bayan keke ya bi teburan masu shayi.

Da ya je a rubuta masa allon shago, mai fenti ya zana saniya da ƙaho biyu. Baba ya ce a goge ɗaya. "Tawa na ce ka zana, ba ta maƙwabta ba." Tun daga nan garin ya raɗa wa madarar suna Ƙaho-Ɗaya. Hotonta ya hau kwalabe, ya hau jikin motar raba kaya da aka saya daga baya. Da ta mutu, Baba ya sa magini ya gina ta da siminti a bakin ƙofa. Mutane suka ce ta fi kama da jaka mai ciki, amma duk yaron da ya tashi a unguwar sai da ya hau bayanta.

Bayan rasuwar Inna, ɓarin jikin Baba ya shanye. Aka mayar da shi ɗakin da tagarsa ke kallon rumfar shanu, yana wuni a keken guragu. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Yaya, ya karɓi ofis. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta gaji ɗakin tafasa, tana zuwa daga gidan mijinta.

Wata damina ciwo ya shiga garken. Bakunan shanun suka yi ƙuraje, kofato ya fara ruɓewa. Likitan dabbobi ya duba, ya ce kada a kuskura a sayar da ko ɗigon nononsu sai sun warke.

Washegari da safe Auta ta tarar da buhunan madarar gari jingine da bangon ɗakinta na aiki.

"Yaya, wannan fa?"

"Ki dama, ki ɗura. Kafin su warke ne kawai."

"A kwalbar da ke da hoton saniya?"

"To ita madarar garin daga jikin akuya aka samo ta? Ke dai Auta, masu shayi ba sa jira. Yau in ba mu kai ba, gobe wani zai kai."

Ta tsaya riƙe da ludayi har ruwa ya tafasa. Ta tuna direba da masu wanke kwalabe, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Ta farke buhun.

Ta yi zaton za a gane, har a ranta tana fatan a gane. Da mai shayin bakin tasha ya tare ta a hanya, ta ɗauka ƙorafi zai yi. Sai ya ce, "Me kuka canza wa shanun nan ne? Madarar kwanan nan ta fi kauri. Ku ci gaba da ba su abin da kuke ba su." Ta yi yaƙe ta wuce. Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Shanun sun warke, amma Yaya bai ce a koma tatsa ba. Buhu ba ya ciwo, ba ya neman dusa, ba ya jan ƙuda har maƙwabta su kawo ƙara. Ranar da 'yar uwar Baba ta kai shi asibiti gashin ƙashi, motar mahauta ta shigo. Auta ta tsaya a gabanta.

"Wallahi Yaya, ka ji tsoron Allah. Waɗannan jikokin Ƙaho-Ɗaya ne."

"Ni ma jikan wani ne, kuma ina da 'ya'ya. Matsa."

Ba ta matsa ba sai da mahaucin ya ce, "Baiwar Allah, rana na yi." Da idonta ta ga an tura su cikin motar ɗaya bayan ɗaya.

Kwana biyu ita da Yaya suna rufe labulen tagar Baba, wai saboda iska. A rana ta uku ta kai masa shayi, ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Auta, kurma na zama ne?" Maganarsa a hankali take fita, harshen na sarƙewa.

"A'a Baba. Me ka gani?"

"Ban ji kukansu ba."

Ta ce ko barci suke yi. Ya dube ta, irin duban da yake mata tana ƙarama in ta fasa kwalba ta ɓoye. Ya ce, "Tura ni."

Ta tura keken ta tsakar gida har bakin rumfa. An share, an wanke, an zuba siminti inda turaku suke. Buhuna ne jere har kusa da rufin kwano. Yaya ya fito daga ofis da gudu, ya durƙusa gefen keken yana bayani: tsadar dusa, ƙarancin makiyaya, zamani. Baba ya bar shi ya gama.

"Na ji. Abu ɗaya nake roƙo. Ku cire ta daga jikin kwalbar."

Yaya ya sunkuyar da kai. "Baba, ita mutane ke saye. In aka cire ta, mun rufe."

Baba ya yi wa Auta alama ta mayar da shi.

Ba a cire hoton ba. Ciniki ma ƙaruwa ya yi, har Yaya ya sayi mota ta biyu. Auta ta yi fushi ta koma gidan mijinta da niyyar ba za ta sake taka wurin ba, amma aka aiko cewa Baba ba ya karɓar abinci a hannun kowa. Ta dawo. Tunda ta dawo kuma, ɗakin tafasa na nan, ba wanda ya iya shi kamarta.

Baba ya ƙara shekara guda a duniya. Ya nemi a sauya masa ɗaki zuwa wanda ke kallon titi. Kullum Yaya yakan leƙo ya gaishe shi, shi kuma ya amsa, ya tambayi lafiyar yara. Maganar aiki kuwa ba ta sake haɗa su ba har ya rasu.