Tudun Masu Amalanke

A ƙauyenmu, in aka ambaci Stoyna sai an ɗan murmusa. Mata su ce ba mai iya cukun tumaki kamarta, sai dai kanta ya ɗan taɓu tun rasuwar mijinta. Maza su ce ai tun tana budurwa haka take. Ƙaninta Jeko, shugaban ƙungiyar manoma, in aka tsokane shi da zancenta sai ya kaɗa hannu ya ce, "Ku rabu da yayata, ciyawa take shayarwa da giya."

Ga abin da yake nufi. Duk Asabar ta matattu, wato ranar tunawa da su, kowa na zuwa maƙabartar bayan coci da dafaffiyar alkama da kwalbar giyar inabi. Ita Stoyna, in ta gama da kabarin mijinta, sai ta wuce gabas ta hau wani tudu a tsakiyar gonakin ƙungiya. Ba dutse a wurin, ba gicciye, ciyawa ce kawai da ƙaya. Kakarta ce ta nuna mata: nan aka binne waɗanda suka fara ƙetaro kogin Danub a amalanken shanu, suka kafa garin. Fili suka tarar, ba itace ba dutse, zazzaɓi kuma ya kwashe su da yawa tun shekarar farko. Da katakon amalanke aka yi musu gicciye, katako kuwa ruɓewa yake.

A kakar nan ƙungiya ta yanke shawarar haɗe tudun da gonar alkama. Jeko ya ce inda ba alama ba maƙabarta. Ya kuma sa ranar huɗa ta dace da Asabar ta matattu, don ya san kowa zai kasance a coci.

Ni maƙwabciyarta ce. Ranar Jumma'a ta shigo aron babbar tukunyata don dafa alkama. Da safe muka kama tukunyar hannu bibbiyu muka nufi gabas. Da mutane suka fito daga coci suka hango mu, sai suka biyo mu, yawancinsu don kallo.

Mun tarar tarakta ta kusa gindin tudun. Stoyna ta cika kwano da alkama, an barbaɗa mata dakakkiyar gyaɗa da zuma, ta je ta tsaya a gaban taya.

"Yaya, matsa mana!" Jeko ya ɗaga murya daga saman taraktar. "Ba ki tsufa da wannan ba?"

"Sauko ka karɓa, ɗan'uwana."

A wurinmu, in aka miƙa maka alkamar matattu ba ka mayarwa, ko maƙiyinka ne ya miƙo. Ka karɓa da hannu biyu, ka tambayi ta wa ce, a faɗa maka, ka yi musu addu'a, sannan ka ci. Wanda ya ƙi, nasa matattun ya tozarta.

Jeko ya sauko, injin na ta ƙugi a bayansa. Ya karɓi kwanon ya tsaya yana kallonsa.

Petko maƙeri ya ce, "Shugaba, tambaya ta gagara? In ba za ka ci ba miƙo nan, tun safe ban karya ba."

"Rufe mana baki, sarkin ci," in ji matar Petko. "Kai ko a jana'izarka sai ka tashi neman ƙari."

Aka yi dariya, ban da Jeko. Can ya ce a hankali, "Ta wa ce?"

"Ta waɗanda ke kwance a gaban garmarka," in ji Stoyna. "Na gidanmu, da na gidan Petko, da na duk wanda ke tsaye a nan."

Kowa ya gane halin da yake ciki. In ya yi addu'ar, ya yarda a gaban gari cewa akwai mutane a ƙasan nan. Ya cire hula ya ce, "Allah Ya jiƙansu." Ya ci cokali ɗaya, ya hau ya kashe injin.

Da ya sauko bai dawo wurinmu ba. Ya nausa cikin gonar da aka daɗe ana nomawa, ya yi nisa, sannan ya tsaya ya buga ƙafa.

"Daga nan ta fara," ya ce. "Ba tudun kaɗai ba ne."

Nan ya faɗa mana. Shekarar da ya fara tuƙa tarakta, yana saurayi, garma ta tono ƙasusuwa a wurin, har da ɗan ƙoƙon kai na jariri. Mai kula da gonakin a lokacin ya ce ya rufe, ya kuma rufe bakinsa. Ya mayar da ƙasa a kansu, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ba wanda ya zage shi. Petko ne ya fara juyawa, ya tafi garkar inabinsa ya cisgo turke ya dawo da shi a kafaɗa. Sauran maza suka bi sahu, kowane gida turke ɗaya. Jeko na gaba yana nuna iyaka, ana kafawa, kowa in ya buga nasa sai ya kira sunan gidansu da ƙarfi. Mu mata muna biye muna zuba giya a gindin turakun. Ban taɓa jin garinmu ya yi girma kamar ranar ba. Limamin coci ya iso yana haki, ya ce kafin sanyi za a kafa gicciyen ƙarfe, Petko ya ce ba mai ƙera shi sai shi.

Stoyna na zaune tana kankare ƙasan tukunya lokacin da Jeko ya zo ya tsaya a kanta. Ya buɗe baki ya yi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Kunnena ya tsufa," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ya juya ya dubi jama'a, ya sake dubanta, sannan ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen gona suka ji.

"Yaya Stoyna, na san gaskiya kike faɗa, na bari ana ce miki mahaukaciya, har ni ina taya su. Ki yafe mini."