Katunan Bariatu

A bazarar 2011 Bariatu ta faɗi jarrabawar lasisin aikin walwalar jama'a da maki huɗu. Shekararta arba'in da shida, 'yar Zongon Kumasi ce, ta yi shekara goma sha biyar a Maryland tana jinyar tsofaffi a gidajensu, da yamma kuma tana zuwa jami'a har ta kammala digiri na biyu. Dokokin aikin duk ta haddace su. Abin da ya kayar da ita shi ne ɓangaren yadda ɗan Adam ke girma daga goyo zuwa tsufa, da ra'ayoyin masana a kan haka. Sunayen matakai suna shiga kanta da safe, kafin la'asar sun watse.

A lokacin tana kula da wani dattijo a Takoma Park, Farfesa Martins, haifaffen Wusasa ta Zariya, mai shekara tamanin da huɗu. Tun yana saurayi ya zo Amurka. Da mantuwar tsufa ta kama shi sai Turancinsa ya fara zubewa, Hausar ƙuruciya ta dawo masa tsaf. Shi ya sa 'yarsa Rifkatu ta nemi mai jinya da ke jin Hausa. Ta ce mahaifinta malamin jami'a ne a da, amma ba ta faɗi abin da ya koyar ba, Bariatu kuma ba ta tambaya ba.

Wata rana bayan abincin rana, yana kishingiɗe idonsa a rufe, ta baje katunan karatunta a teburin kicin tana bita da ƙarfi, tana mayar wa kanta da Hausa don ta fi ganewa.

"Jariri ɗan wata tara yana tsala kuka duk sa'ad da uwarsa ta fita ɗaki. Wannan alamar matsala ce," in ji ta.

"Ba matsala ba ce," dattijon ya ce, bai ko buɗe ido ba. "Lafiya ce. Da can in ta fita, a wurinsa ta ƙare ke nan. Yanzu ya gane tana nan ko ba ya ganinta, shi ya sa yake kiranta."

Bariatu ta juya bayan katin. Amsar ke nan daidai.

"Baba, a ina ka san wannan?"

"Shekara talatin da ɗaya ina koyar da shi. Kawo na gaba."

Mutumin da ba ya iya tuna ko ya ci abinci minti goma da suka wuce, ya amsa kati ashirin a jere bai kuskure ko ɗaya ba. Da ta gaya wa Rifkatu, tana ɗar-ɗar kada a ce ta mayar da mara lafiya malaminta, sai Rifkatu ta ce, "Anti, ki ci gaba. Na daɗe ban ji ya yi magana mai tsawo haka ba."

Farfesa bai yarda da hadda ba. Kullum da hantsi in ta tura shi a kekensa na marasa lafiya zuwa filin wasan yara na unguwar, sai ya sa ta tsaya a inuwa.

"Dubi waɗancan biyu a cikin yashi. Tare suke wasa?"

"Tare mana, Baba."

"Sake duba. Kusa da juna suke, amma kowa harkarsa yake yi. 'Yan shekara biyu ne. Waɗancan kuma da ke gardama a kan wanda ya karya dokar wasa, sun kai bakwai. Je ki tambayi iyayensu."

Ta je da kunyarta ta tambaya. Da ƙyar yake kuskure da fiye da 'yan watanni. A hankali abin da ke rubuce a kati ya zama yara masu majina da takalmi ƙafa ɗaya, ya daina guje mata. Har ta fara tuno 'yarta Raheema tana shekara goma sha biyar, lokacin da take canza suna da salon ɗaurin ɗankwali kowane wata. A da ta ɗauka iskancin Amurka ne. Ashe yarinya ce ke neman sanin ko ita wace ce.

Akwai kati ɗaya da Bariatu ke tsallakewa a gabansa, na mataki na ƙarshe, wato tsufa. Ranar nan ya kama ta.

"Takwas ne matakan. Bakwai kike karanta mini."

Ta karanta a hankali: tsoho yana waiwayar rayuwarsa, ko dai ya karɓe ta yadda ta zo masa ya sami natsuwa, ko kuma nadama ta cinye shi.

Ya daɗe yana kallon taga. "Mahaifiyata ta rasu a alif ɗari tara da hamsin da huɗu," ya ce. "An aiko mini tana jinya. Na ce sai na gama rubutun digirina. Da na gama, an riga an binne ta da wata biyu." Ya juyo. "To, ga tsoho ya gaya miki haka a ofis. Me za ki fara yi?"

"Zan ba shi haƙuri, in ce masa ba laifinsa ba ne."

"Kin faɗi. Wa ya ce miki ba laifinsa ba ne? Kin rufe masa baki don ke ki huta. Ki tambaye shi yaya sunanta."

Bariatu ta ajiye katin. "Baba, yaya sunanta?"

"Saratu," ya ce. Ya shafe kusan awa guda yana ba ta labarin matar da ke toya masar sayarwa a bakin asibitin mishan, wadda ba ta iya karatu ba amma take duba littattafansa kowace Asabar ta ga ko ya ɓata su da maiƙo. Shayinsa ya huce, Bariatu ba ta tashi ta sake masa wani ba.

A watan Nuwamba ta sake zama jarrabawar, tambayoyi ɗari da saba'in cikin awa huɗu. Da sakamakon ya fito a kwamfuta, ta ci da rata mai kyau. Daga can ta hau jirgin ƙasa kai tsaye zuwa Takoma.

"Baba, na ci."

Ya dube ta da fara'a irin ta mai karɓar baƙuwa. Ranar ba ta yi masa kyau ba, ko sunanta bai kawo ba. Ta zauna ta yi masa bayanin jarrabawar daga farko, ya saurara da kyau, ya ce, "Madalla, 'yata. Aiki ne mai nauyi, ki riƙe shi da hannu biyu."

Bayan wata uku ta sami aiki a wata cibiyar kula da tsofaffin baƙin haure a Greenbelt. Wata ma'aikaciya ta karɓi jinyar Farfesa, amma Bariatu ba ta daina zuwa ranar Asabar ba, da ƙullin wake da shinkafa irin na Kumasi, har ya rasu a farkon 2014. A wurin jana'izarsa tsofaffin ɗalibansa sun cika coci, wasunsu da furfura. Rifkatu ta kama hannun Bariatu ta zaunar da ita a layinsu.