Sakamakon Hoton Auta

"Kar ki motsa," in ji mai hoton ciki a asibiti, tana danna na'urar a marar Auta. Man da aka shafa mata sanyi ƙalau, ga fitsarin da aka ce ta riƙe ya cika ta fam. Umma na tsaye a kanta, ta ƙura wa allon ido kamar ta san karatunsa.

Watanni ke nan Auta ba ta ga al'adarta ba, ga ƙiba ta taso mata, ga biki ya matso. Bakin mutane kuwa ba ya hutu. Magana ta zaga har gidan su ango, suka aiko cikin siyasa, wai a dai duba yarinya.

"Baiwar Allah, faɗa mini gaskiya," in ji Umma. "Akwai ko babu?"

"Babu ciki, Mama. Mahaifa wayam take."

Umma ta saki kabbara har na kan layi suka leƙo. "Ta Allah ba tasu ba!" Ta fice tana laluben waya.

Mai hoton ta juyo da allon wajen Auta, ta nuna mata wasu baƙaƙen ɗigo jere kamar carbi. "'Yan ƙullutun ruwa ne a ma'ajiyar ƙwanki, dama da hagu. Sukan zo da rikicewar al'ada. Likita zai yi miki bayani."

Auta ta dube ta. "Zan haihu?"

"Da yawa suna haihuwa, da magani. Wasu sukan jima."

Sukan jima! Ango shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, uwarsa kuwa tun kafin a sa rana take raɗa wa jikoki suna.

"Don Allah, Anti, rubuta babu ciki kawai."

"Abin da na gani nake rubutawa, ƙanwata. Sa hannuna ne a ƙasa. Yi haƙuri."

A bakin titi Umma ta warce takardar, ta juya ta gaba da baya. Ba ta jin Turanci, amma hatimin ya yi mata.

"Umma, mu bari sai mun ga likita."

"Mu bari? Mai gaskiya ke ɓoye takarda? In ba su gan ta yau ba, gobe a ce zubarwa muka je yi."

Tsoro ya kama Auta, ta rasa wanda za ta gaya wa.

Umma ta tsayar da tasi, ta kwatanta wa direba gidan su ango, ta tura Auta ciki.

"Allah ya taimake mu yayar angon nas ce a asibiti," in ji Umma. "Ita zan ba, ta karanta musu da ƙarfi, tun daga sama har ƙasa."