Haƙorin da Ya Yi Ƙaura

"Ki sa mata haƙorin ƙarfen nan kawai, Likita," in ji mahaifin yarinyar, wani direba. "Wanda ake kafawa kamar kusa."

Likitar ba ta ɗago daga hoton haƙoran ba. "Ƙashin bakinta bai gama girma ba, Baban Auta. Ƙarfe kuwa ba ya girma. Sauran haƙoran za su sauko su bar shi a sama."

Auta na kan kujera, hannu a baki. Tun da ta faɗo daga keke haƙorin gaba ya tafi, ta daina dariya, ta daina amsa tambaya a aji. Yayanta ya laƙaba mata suna Taga.

"Akwai wani haƙorin a gefe da ya rasa wurin zama, sun cushe," in ji likitar. "Shi zan cire in dasa a gaba, daga baya in gyara masa siffa."

"Wato tayar baya za a mayar gaba?"

"Sai dai wannan tayar tana da rai."

Ranar aikin, direban ya tsaya jikin bango yana kallo. Ramin haƙorin gaban ta fara gyarawa, tana gwadawa da haƙorin roba mai siffar na gaskiyar. Ta sa, ta cire, ta ƙara gogewa, ba gaggawa. Sai da ramin ya yi daidai sannan ta taɓa na Auta. Nan hannunta ya sauya, ya koma sauri. Ta zare shi, ta riƙe shi ta wajen kansa, ko safar hannunta ba ta shafi saiwar ba. Kafin direban ya gyara tsayuwa, haƙorin ya shiga sabon gidansa.

"Ya kama?"

"Ban sani ba tukuna. In jijiyar ta mutu, zai yi duhu."

Bai taɓa jin mai gyara ya ce bai sani ba. Abin ya burge shi, ya kuma tsorata shi.

Wata da watanni, kullum kafin ya fita da mota sai ya leƙa bakin yarinyar, har ta ce, "Baba, ni fa ba inji ba ce."

Da suka koma, likitar ta ɗora auduga mai sanyi ƙarara a kan haƙorin.

"Wayyo!" Auta ta zabura.

Ya yo kansu. "Me kika yi mata?"

"Yana ji," in ji likitar, tana cire safar hannu. "Matacce ba ya jin sanyi."

Ya matso kusa. Can ya ce, "Ƙara ɗora mata, Likita."

"Kai, Baba!" Auta ta kwashe da dariya, hannayenta duka biyu riƙe da kujera.